Ilyasu Mai Kwaɗo da Listar da Ya Ƙi Aikawa

Ƙarfe bakwai saura kwata Malam Ilyasu yake jingine motonsa, wato babur ɗinsa, a gindin katangar biro, ofishinmu. Shekara tara muna aiki tare a Madarumfa, ban taɓa riga shi zuwa ba. Yakan buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Ya share ƙasa, ya goge teburi, ya yaye zanen da yake lulluɓe odinatar, wato kwamfuta, da shi, ya kunna. Kafin ya karɓi aikin kowa sai ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na na'urar, in sun saɓa ya daidaita. Sannan ya buɗe shafin da muke aika bayanai Yamai, ya danna wani ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke saman shafin, ya jawo wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, ya ɗora yatsa a kan layi, leɓɓansa suna motsi. Wata rana minti biyar, wata rana goma. Sai ya rufe kayen, ya ɗago kai, ya ce wa mai jira, "To, kawo."

Mu ma'aikatan biron ne muka sa masa suna Mai Kwaɗo, kuma ba don yabo muka sa ba.

Biron na wata ƙungiyar agaji ce, ba zan faɗi sunanta ba domin ba ita nake son magana a kai ba. Ni malamin lakwal ne, makarantar boko, da na ajiye alli sai na shiga aikin rubuta sunaye. Da farko sunayen manoma muke rubutawa saboda rabon iri. Daga baya, da ƴan bindiga suka fara koro mutane daga ƙauyukan bakin iyaka, aikin ya sauya. Sai ya zama ina zama a kan tabarma gaban mace mai goyo, ina tambayarta sunanta, da sunan ƙauyen da ta baro, da sunayen ƴaƴanta, da lambar wayar da za a same ta, da gidan wanda ya sauke ta. Akwai kuma wani layi a ƙarshen takardar inda ake rubuta ko mutum ya ga fuskar waɗanda suka kai musu hari. Kowa na tambaya sai na ce masa kada ya ji tsoro, ba mai ganin takardar nan sai mu. Da yamma in kawo takardun in zube wa Malam Ilyasu, shi ya shigar da su, ya aika wa babbar na'urar ƙungiya da ke Yamai. Daga can ake fitar da katin abinci.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa abin da yake karantawa kowace safiya, shi ma don na gaji da tsayuwa ne. Ya yi murna da tambayar har na ji kunya. Ya jawo mini kujera. Ya ce duk sa'ad da odinatar ɗinsa za ta yi magana da na'urar Yamai, sai ta can ta fara miƙo wata takardar shaida, wadda masu aikin ke kira sartifika. A jikinta akwai sunan mai ita, da sunan hukumar da ta tabbatar da ita, da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Shi ya sa yake duba agogo: in agogon na'ura ya ɓata, sai ta ɗauki takarda mai rai a matsayin matacciya. A ƙasa kuma akwai wani dogon layi na baƙaƙe da lambobi sittin da huɗu. Shi ya sa wa layin suna dangwale, domin kamar dangwalen yatsa yake, takarda biyu ba sa yin iri ɗaya. Wannan layin ne a cikin kayensa, kuma shi yake gwadawa da na kan allo, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce ai na'urar da kanta tana dubawa. Ya ce ƙwarai tana dubawa, amma ita abin da take tambaya shi ne ko takardar ta gaskiya ce. Shi kuwa abin da yake tambaya shi ne ko ta mutanenmu ce.

Na gyaɗa kai, na tashi, ban sake tambaya ba. Ina jin a duk Madarumfa ba wanda ya taɓa sauraren wannan bayani har ƙarshe.

Mutum ɗaya ce ta san darajar abin da yake yi, ita kuwa tana Yamai. Sunanta Madam Hasiya, ita ke kula da babbar na'urar. Duk sa'ad da aka sabunta takardar shaidar, dangwalen yakan canza, sai Malam Ilyasu ya kira ta. Daga baranda muna jin muryarsa yana karanto baƙaƙen da Faransanci bibbiyu, ya tsaya, ita ta maimaita, ya rubuta. In sun gama sai ya tambaye ta zafin Yamai, ita ta tambaye shi ko tafki ya cika. Iyakar hirar ke nan. Shekara goma sha ɗaya suna haka, tun kafin in zo biron, bai san fuskarta ba. Amma ranar da suka yi waya yakan fito baranda ya sha shayi tare da mu, abin da ba ya yi sauran ranaku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata damina, cikin watan Agusta, lokacin da gero ya yi kai amma bai nuna ba, rumbuna kuma sun ƙare. An kai hari wasu ƙauyuka uku, mutane suka kwararo wajen garuruwan Safo da Sarkin Yamma da nan cikin gari. Cikin kwana shida muka rubuta gida ɗari huɗu da goma sha biyu. Ranar da za a aika listar, shafin Yamai ya ƙi buɗewa. Muka ji labarin cewa ruwa ya shiga babban biro. Washegari sai ga saƙo a wayar shugaban biromu, Shef Sule, daga lambar wani babba na Yamai da kowa ya sani. Saƙon ya ce tsohuwar na'ura ta lalace, ga sabon adireshi, a aika lista nan take don kada abinci ya makara.

Malam Ilyasu ya buɗe sabon shafin. Launinsa da tambarinsa da wurin sa kalmar sirri duk irin na da ne. Ga ɗan kwaɗon ma a sama, a kulle. Ina tsaye a bayansa tare da Shef Sule. Ya danna, ya jawo kayensa, ya ɗora yatsa. Bai kai rabin layi ba ya janye hannu daga teburin.

Ya ce ba zai aika ba. Dangwalen bai yi daidai da na kayen ba. Takardar kwananta huɗu da fitowa. A cikin sunan kuma akwai baƙi ɗaya da ya ƙaru, wanda ba a gani sai an sa ido. Shef Sule ya ce ai dole sabuwar na'ura ta zo da sabuwar takarda, kuma ga kwaɗonsa nan da yake bauta wa, a kulle.

Malam Ilyasu ya ce, "Shef, kwaɗon cewa ya yi ba mai jin maganarmu bisa hanya. Bai ce ga wanda ke cikin ɗakin ba. Ni ban san ɗakin wanga ba."

Ya kira Madam Hasiya, wayarta a kashe. Ya kira babban biro, ba a ɗauka. Ya kira lambar da ta aiko saƙon, aka katse, sai ga rubutu cewa ana cikin taro, a dai aika. Ya hau moto ya tafi biron Maraɗi, ya tarar su ma saƙon nan suka samu, ba su san komi ba bayan shi.

Kada mai karatu ya ɗauka Shef Sule mugu ne. Mutum ne da kowace safiya yake ratsa mata da yara a ƙofar biro kafin ya shiga. Kwana biyu ya yi yana lallashi, rana ta uku ya ba da umarni, rana ta huɗu ya nemi kalmar sirrin don ya aika da kansa. Malam Ilyasu ya ce a rubuta masa takardar kora ya sa hannu, amma kalmar ba zai bayar ba sai ya ji daga bakin wanda ya sani. Ni ma na shiga ɗakin na yi nawa. Na ce masa ni na zauna gaban mutanen nan, ni na ga yaran, shi baƙaƙe kawai yake gani. Ya dube ni, sannan ya mayar da ido kan allo.

Magana ba ta ɓuya a Madarumfa. Kafin mako ya cika, daga bakin tafki har tasha kowa ya san cewa abinci yana nan, mutum ɗaya ne ya hana. Masu sayar masa da kifi suka daina yi masa wasa. A masallaci ana sallame salla sai na kusa da shi ya juya wa na ɗaya gefen da gaisuwa. Mu ma muka daina kiransa cin tuwon rana. Yakan turo ƙofarsa ya bar ɗan tsagi, ya ci abin da ya zo da shi a leda.

Rana ta shida wata mata mai suna Delu ta tare shi a bakin ƙofa. An kashe mijinta a harin, tana zaune wajen Safo da ƴaƴa biyar, kuma zuwanta na uku ke nan a ƙafa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, an ce kai ne. Ɗiyana tafasa suke ci babu ƙuli babu gishiri. In wani abu ya samu ƙaramar, ni da kai sai gaban Allah."

Ya tsaya riƙe da kan moto. Ya ce, "Na ji, baiwar Allah." Da me zai yi mata bayani? Da baƙi ɗaya da ya ƙaru a cikin suna?

Washegari ba mu gan shi ba. Ɗakinsa a kulle, odinatar a ciki, motonsa a tashar Maraɗi. Ya hau motar Yamai ba tare da izinin kowa ba. Bai ɗauki lista ba, don kada ta faɗa hannun wani a hanya. Abin da ya ɗauka kayensa ne da wata ƴar takarda da ya kwafe sabon adireshin da dangwalensa. Wuni guda ya yi a mota. A babban biro ya tarar ana shanya takardu a tsakar gida, kujeru a kife. Ya nemi mai kula da na'ura, aka haɗa shi da wani da ke riƙe da aikin. Mutumin ya karanta ƴar takardar sau biyu, ya nemi wuri ya zauna. Ba su buɗe wani sabon adireshi ba. Shi kuwa babban da aka yi amfani da lambarsa, an sace wayarsa tun ranar ruwan, ya ɗauka faɗuwa ta yi.

A nan ne aka gaya masa Madam Hasiya tana asibiti kusan wata guda. Ya sayi lemo ya tafi. Shi ya ba ni labarin da bakinsa bayan shekaru, kuma a taƙaice ya bayar. Ya yi sallama a bakin ɗaki, akwai gadaje shida, bai san wacce ba ce. Sai wata mata siririya da ke gadon ƙarshe ta ɗago kai ta ce, "Madarumfa ce wannan." Ya zauna minti ashirin. Ya nuna mata ƴar takardar, ta karanta, ta riƙe ta a hannu ba ta mayar masa ba. Ta tambaye shi ko tafki ya cika, ya ce ya cika har ya taɓa lambuna. Ganinsu ke nan na farko, kuma ba a sake ba. Da ta samu sauƙi ƴaƴanta suka mayar da ita Damagaram, ta bar aikin. Waɗanda suka biyo bayanta ba sa karanta baƙaƙe a waya. Sukan ce masa ya duba saƙo.

An tayar da na'urar gaskiya bayan kwana huɗu. Malam Ilyasu ya dawo, ya gwada dangwale, ya aika lista. Abinci ya iso ƙarshen wata, ya makara da mako biyu. Mako biyun nan ba wasa ba ne, kuma ba zan rage musu nauyi don ina yabonsa ba. Akwai waɗanda suka sayar da akuyar da suka tsira da ita. Ƙaramar ɗiyar Delu ta kwanta a asibiti kwana tara, Allah ya tashe ta. Na san Malam Ilyasu ya je har ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita, ya tsaya, ya komo bai shiga ba.

Wasu birori biyu a wani yanki sun aika tasu listar ta sabon adireshin tun ranar farko, har aka yaba musu da sauri. Ba zan faɗi sunan garuruwan ba. Bayan wata biyu mutanen da ke cikin listar suka fara samun kira. Mai kiran ya san sunan mutum, ya san sunayen ƴaƴansa, ya san gidan da yake kwana. Waɗanda aka rubuta cewa sun ga fuskoki su aka fara nema. Gidaje da yawa suka sake tashi, wasu har yau ba a san inda suka nufa ba. A cikin gida ɗari huɗu da goma sha biyu na Madarumfa, ba wanda wayarsa ta yi irin wannan ƙara.

Mu ma'aikata mun ji wannan a wani taro, ƙofa a rufe. Aka ce kada maganar ta fita, domin in mutane suka ji za su ƙi ba da sunayensu, kuma wanda bai ba da suna ba ba zai samu abinci ba. Hujja ce mai ƙarfi, kowa ya yarda, har da Malam Ilyasu. Shef Sule ya bi shi ɗakinsa bayan taron, ya daɗe, ya fito ido jajur. Amma gari bai ji komi ba. A wurin gari Malam Ilyasu ya ci gaba da zama mutumin da ya hana yara abinci a tsakiyar damina. Shekara biyar yana ratsa kasuwa da wannan suna.

Malam Ilyasu, bari in juyo gare ka. Kai ne ka riƙe alkawarin da ni na ɗauka. Ni na ce wa Delu ba mai ganin takardarta sai mu, na faɗa da baki na wuce, ban san abin da faɗar take nufi ba. Kai ba ka zauna gabanta ba, ba ka yi mata alkawarin komi ba, amma kai ka biya. Kai ne aka zaga a gaban ɗakinka, kana da amsa a cikin aljihu, ka bar ta a can. Na ce maka baƙaƙe kawai kake gani. Ashe a cikinmu kai kaɗai ne kake ganin mutanen da ke bayansu. Na yi shekaru ina neman ranar da zan janye wannan magana, ga shi na janye ta a gaban jama'a.

Watan jiya ya ajiye aiki. Idanunsa ne suka gaza. Tun bara yake kusantar da fuska ga allo har hancinsa ya kusa taɓawa, ranar da ya karanta takwas a wurin da aka rubuta B sai ya je da kansa ya gaya wa Shef cewa lokaci ya yi. An yi ɗan taro a baranda, mu bakwai. Aka ba shi shadda da takardar yabo. Ya miƙa kayensa ga matar da ta gaje shi, A'isha, ya zauna da ita kwana uku yana nuna mata. Na leƙa jiya da safe na same ta da yatsa a kan layi, mutum biyu suna jira suna tsaki. Na ce musu su zauna.

Kafin in rubuta wannan na je neman izininsa, yanzu da shekaru suka wuce kuma an canza yadda ake ajiye sunaye. Ya ce in ban saka sunan ƙauyukan da aka kai wa hari ba, to. Ya ƙara da cewa in na ga Delu kada in ce mata komi da zai sa ta ji kunya, domin abin da ta faɗa gaskiya ne, ɗiyanta suna jin yunwa.

Mun gode, Malam Ilyasu. Allah ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba, ya ƙara wa idanunka haske, ya sa wahalar nan ta zama nauyi a mizaninka. Ku kuma da kuke zaune gaban na'ura a meri, wato biron magajin gari, da asibiti da lakwal, kuna riƙe da sunayen mutanen da ba su san ma kuna riƙe da su ba, ku ɗauki halinsa. In aka ce ku yi sauri, ku tambaya wa za a ba. In ba ku gane ba, ku kira wanda ya sani, ko da za a yi fushi da ku.

Sauran jama'ar Madarumfa, roƙona gare ku ƙarami ne. Gidansa yana bayan makarantar allo ta unguwar masunta, mai ƙofar ƙarfe shuɗiya. Matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce, ɗiyarsa tana aure a Maraɗi. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaure ya ɗora shayi. Ranar da na je na ga kofi uku a kan faranti, an wanke su an kife. Na tambaye shi ko yana jiran baƙi ne. Ya ce a'a, kullum haka yake ajiyewa, ba a sani ba ko wani ya biyo.

Ku biya ta wajensa.